Matsayin Harshe Cikin Sharuɗɗan Masu Tantance Lafiyar Hankali a Shari'o'in Iyali: Nazari Daga Bulumkutu, Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Shari'o'in iyali, wato waɗanda suka shafi aure da saki da riƙon 'ya'ya da walittaka da kula da dukiyar marayu, sukan zo da wata tambaya wadda alƙali ba ya iya warware ta da ilimin shari'a kaɗai. Tambayar kuwa ita ce, shin mutumin da ke gaban kotu yana cikin hankalinsa? A kan amsar da aka bayar ne ake raba aure ko a tabbatar da shi, a bar wa uwa ɗanta ko a karɓe shi, a sakar wa mutum dukiyarsa ko a naɗa masa mai kula da ita. Saboda haka ne kotuna kan nemi ra'ayin ƙwararre, wanda a wannan maƙala za a riƙa kiran sa mai tantancewa.

Manufar maƙalar ita ce ta bayyana sharuɗɗan da fiƙihu da dokokin Nijeriya suka gindaya wa irin wannan ƙwararre, sannan ta nuna cewa akwai sharaɗi guda da ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba, wato sanin harshen wanda ake tantancewa. Ciwon jiki ana gane shi ta awon jini ko ɗaukar hoto, amma ciwon hankali galibi ta magana ake gane shi. Ke nan harshe shi ne babban ma'aunin mai tantancewa. An ɗauki unguwar Bulumkutu ta Maiduguri a matsayin fagen nazari domin a can matsalar ta fi fitowa fili.

2.0 Bulumkutu da Yanayin Harsunanta

Bulumkutu unguwa ce a yammacin Maiduguri, a kan hanyar da ta nufi Damaturu da Kano, kusa da filin jirgin sama. Maiduguri gari ne na Barebari, amma Hausa ce harshen kasuwa da tasha da cuɗanya tsakanin ƙabilu. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya koro ɗimbin jama'a daga Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno da Damboa zuwa cikin birnin. Daga cikinsu akwai masu magana da Barbarci da Larabcin Shuwa da Fulatanci da Margi da Bura da Mandara da Glavda. Da yawansu, musamman mata da tsofaffin karkara, Hausarsu ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba.

A wannan unguwa ce Ma'aikatar Harkokin Mata da Ci Gaban Jama'a ta Jihar Borno take gudanar da wata cibiya, da tallafin Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF. Cibiyar tana karɓar mata da yaran da suka fito daga hannun 'yan bindiga ko daga tsarewar sojoji, ta kula da su na ɗan lokaci, ta nemo danginsu, sannan ta mayar da su gida. A Satumba 2022 Gwamnatin Tarayya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu a kan yarjejeniyar miƙa irin waɗannan yara ga hukumomin farar hula.

Cibiyar ba kotu ba ce, amma komawar waɗannan bayin Allah gida takan haifar da tambayoyin da kotu ce mai yanke su. Wa zai riƙe yaron da aka haifa a daji? Mene ne matsayin auren matar da ta dawo bayan shekaru? Shin matar da take firgita da dare, ko take yini ba ta ce uffan ba, za ta iya reno? Mai bayar da amsa a kan tambaya ta ƙarshe ana bukatar a san ko wane ne shi, da kuma harshen da ya yi amfani da shi wajen bincikensa.

3.0 Matsayin Hankali a Shari'a

3.1 Fiƙihun Malikiyya

Mafi yawan shari'o'in iyali a Borno kotunan Musulunci ne ke sauraron su, bisa mazhabar Malikiyya, da dogaro a kan littattafai irin su Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure da walittaka da al'amuran yaro da almubazzari da Musulmin da hankalinsa ya gushe.

A wannan mazhaba hankali sharaɗi ne a wurare da dama. Sakin mahaukaci ba ya aukuwa. Hauka na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin fasa aure, tare da kuturta da albaras, kuma Muhtasar ya lissafa shi aibi ko da sau ɗaya yake tashi a wata. Idan ana fatan warkewa, akan jinkirta shekara guda domin a yi magani kafin a yanke hukunci. Haka kuma hankali na cikin sharuɗɗan mai riƙon yaro, tare da amana da iya ɗawainiya. Malamai sun bambanta haukan da ba ya yankewa da wanda ke tafiya yana dawowa, sun kuma bambanta mahaukaci da wawan da bai iya sarrafa dukiya ba.

Duk waɗannan hukunce-hukunce suna bukatar wanda zai faɗa wa alƙali irin ciwon da kuma yiwuwar warkewarsa. Malaman fiƙihu sun mayar da wannan aiki ga masana abin, suka ɗauki maganar likita a babin ba da labari, inda mutum ɗaya amintacce ke wadatarwa, ko da yake biyu sun fi. A wannan babi ɗin ne kuma suka sanya tafinta. Wato tun da daɗewa fiƙihu ya ɗauki likita da tafinta a matsayin idon alƙali da kunnensa, ya kuma sharɗanta musu sani da amana.

3.2 Dokokin Gwamnati

Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, ta ba da damar rushe aure idan a lokacin ɗaura shi ɗaya daga ma'aurata ba shi da cikakken hankali, ko yana fama da hauka ko farfaɗiya mai tasowa a kai a kai. Sashe na 71 ya ce maslahar yara ce gaba da kome wajen riƙo, ya kuma yarje wa kotu ta nemi rahoton jami'in jin daɗin jama'a. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi Kotun Iyali a matakin Babbar Kotu da na Majistare, inda alƙali zai zauna da mataimaka biyu, aka kuma so a samu mai sanin halayyar yara a cikinsu. Jihar Borno ta samar da tata Dokar Kare Yara, wadda Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa wa hannu a Janairu 2022. A Janairu 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin Dokar Mahaukata ta 1958.

Dangane da shaidar ƙwararre, sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da ra'ayin wanda ya ƙware musamman a fannin da ake magana a kai, ya bar wa alƙali ya auna ƙwarewar. Sai dai sashe na 256 ya cire shari'o'in da ba na laifi ba a kotunan Musulunci da na gargajiya daga ƙarƙashin dokar, sai in an ba da umarni na musamman. Bugu da ƙari, haƙƙin samun tafinta kyauta da sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ambata ƙarara, ga wanda ake tuhuma da laifi ya ambace shi. Matar da ta zo neman riƙon ɗanta ba ta shiga cikin wannan lafazi ba.

4.0 Takardun Shaidar Ƙwarewa

Akwai rukunoni huɗu na ma'aikata da kotu kan iya neman ra'ayinsu. Na farko shi ne likitan taɓin hankali, wanda ya yi shekara shida a makarantar likitanci da shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, sannan ya ƙware a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma. Na biyu shi ne masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, mai digiri na biyu a fannin. Na uku shi ne ma'aikacin jinya da ya sami horo a kan masu taɓin hankali. Na huɗu shi ne jami'in jin daɗin jama'a, wanda dokar kafa hukumar kula da sana'arsa ta samu a 2022. A Maiduguri ana samun waɗannan ma'aikata a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Amma fa likitocin taɓin hankali a duk faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba a ƙididdigar da ƙungiyarsu ta bayar a 2022, ga jama'ar da ta haura miliyan 200.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna haɗarin sakaci da wannan batu. A Ingila, wani nazari da Farfesa Jane Ireland ta jagoranta a 2012 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masanan da suka rubuta wa kotunan iyali rahoto ba su cancanta ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku na rahotannin da aka duba ba su da inganci. A Amurka kuwa, ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta fitar da ƙa'idojin tantancewa a shari'o'in riƙon yara tun 1994. Idan an sami irin wannan rauni a inda galibi likita da alƙali da mai ƙara suke magana da harshe ɗaya, to, ina ga inda magana ke ratsa harsuna uku ko huɗu?

5.0 Harshe a Matsayin Ma'auni

A shari'ar da ta taso daga wuri irin Bulumkutu, mai yiwuwa ne mace ta yi bayani da Barbarci ko Glavda, tafinta ya mayar da shi Hausa, likita ya rubuta rahoto da Ingilishi, magatakarda ya karanta wa kotu da Hausa ko Barbarci, alƙali kuma ya auna shi da kalmomin fiƙihu na Larabci. A kowace gaɓa ma'ana na iya raguwa ko ta ƙaru. Za a duba hanyoyi huɗu da hakan ke faruwa.

5.1 Kalmomin Ciwon Hankali

Kalmar hankali asalinta Larabci ne, kuma Barbarci ma yana da ita da siffar hangal. Hausa tana da kalmomi da yawa a wannan fage, kuma ba nauyinsu ɗaya ba:

(1) hauka, zautuwa, gushewar hankali
(2) taɓuwa, taɓin hankali
(3) bugun iska, shafar aljanu
(4) farfaɗiya
(5) waswasi, firgita, ɗimuwa
(6) damuwa, baƙin ciki
(7) wauta, dolanci, gigin tsufa

Rukuni na (1) yana kawo wa Bahaushe hoton mai yawo a bola. Na (2) sakayawa ce da sassautawa. Na (3) yana bayyana abin da jama'a suka ɗauka shi ne sanadin ciwon, bai bayyana alamunsa ba. Na (4) a likitancin zamani ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne wanda magani ke kwantar da shi, mai shi kuma yana cikin hankalinsa tsakanin tashi da tashi, ko da yake masu sharhin Muhtasar sun ambace shi a babin hauka, dokar 1970 ma ta jera su tare. Rukunoni na (5) da (6) su suka fi kusa da abin da ke damun yawancin waɗanda suka ga tashin hankali, wato ciwon firgita bayan bala'i da ciwon damuwa mai tsanani, waɗanda kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a 2022, ya ware wa kowanne babinsa.

Matsalar ita ce, idan rahoto ya ce mace tana da ciwon damuwa, mai fassara kuma ya taƙaita ya ce likita ya tabbatar tana da taɓin hankali, kunnen kotu hauka zai ji. Da kalma guda an fitar da ita daga rukuni na (6) an jefa ta na (1), sharaɗin riƙo kuma ya faɗi. Ƙungiyar Translators without Borders, wadda ta fara aiki a arewa maso gabas a 2017, ta lura da wannan cikas, har ta shirya jerin kalmomi a harsunan yankin domin ma'aikatan agaji.

5.2 Maganganun Zuci

Bahaushe yakan bayyana halin da zuciyarsa ke ciki ta ambaton sassan jiki:

(8) Hankalina ya tashi.
(9) Gabana yana faɗuwa.
(10) Kaina ya ɗauki zafi.
(11) Jikina ya mutu.
(12) Zuciyata tana raya mini abubuwa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nufin hauka. Jimla ta (8) tana nufin shiga damuwa, ta (9) fargaba, ta (10) yawan tunani, ta (11) kasala ko sanyin gwiwa. Amma idan aka fassara (8) kalma da kalma, sai ta zama iƙirarin gushewar hankali. Idan aka yi wa (12) haka, sai likita ya zaci mai maganar tana jin muryoyin da babu su, alhali saƙe-saƙen zuci take nufi. Haka nan wanda ya ce aljanu sun shafe shi yana faɗin abin da danginsa da maƙwabtansa duk suka yarda da shi ne. Wannan kaɗai ba ya zama hujjar ruɗewar tunani.

5.3 Al'ada da Hausar Baƙin Harshe

Kunya na hana mace ambaton sunan mijinta, tana kuma hana uwa kiran sunan ɗanta na fari ko nuna masa so a gaban mutane. Mai tantancewar da bai san wannan kara ba zai iya rubuta cewa babu shaƙuwa tsakanin uwa da ɗa. Sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne, amsa gaisuwa da lafiya lau kuma wajibi ne ko da mutum yana kan gadon asibiti.

Gwaje-gwajen da aka saba yi ma suna da nasu cikas. Sanannen gajeren gwajin hankali na Folstein, wanda ya fito a 1975, yana tambayar kwanan wata, da ɗebe bakwai-bakwai daga ɗari, da rubuta jimla. Matar da ke lissafin zamani da watan Azumi da damina da kaka, wadda ba ta yi boko ba, za ta faɗi wannan gwaji tana da cikakken hankalinta. Haka kuma wanda Hausa ba harshen uwa ba ce gare shi yakan haɗe jinsi, ya ce ya zo a inda ake cewa ta zo, domin Barbarci ba ya rarrabe namiji da mace a wakilin suna. Likita Bahaushe zai iya ɗaukar wannan a matsayin rikicewa. Idan kuma ya nemi a fassara masa karin magana irin ruwa ba ya tsami banza, to zurfin Hausar mutum ya auna, bai auna tunaninsa ba.

5.4 Tafinta

Inda babu tafinta na aiki, akan jawo ɗan'uwa ko masinja ko wani majinyaci. A shari'ar iyali kuwa ɗan'uwa yana da ɓangare. Ƙanin miji ba zai zama bakin matar da ke jayayya da wansa ba, mace kuma ba za ta faɗi abin da aka yi mata a daji ta bakin namijin da ya san gidansu ba. Daɗin daɗawa, tafinta marar horo yakan gyara magana. Idan zancen majinyaci ya zo a warwatse, sai ya shirya shi tsaf, alhali warwatsewar ita ce alamar da likita ke nema. Ta haka ake iya mayar da mai lafiya majinyaci, a kuma mayar da majinyaci mai lafiya.

6.0 Sharuɗɗan da Suka Kamata

Bisa abin da ya gabata, ana ganin ya kamata kotu ta tabbatar da waɗannan abubuwa kafin ta dogara da rahoto:

(a) Mai tantancewa ya kasance yana da rajista da hukumar da za ta iya hukunta shi, kuma kada ya wuce iyakar fanninsa.
(b) Ya san tambayar da shari'a ke yi. Sunan ciwo bai isa ba, sai ya bayyana ko ciwon yana yankewa, ko ana fatan warkewa, ko kuma yana hana reno.
(c) Kada ya zama yana da alaƙa da ɗaya daga masu shari'a. Ya gana da ɓangarorin biyu, kuma fiye da sau ɗaya.
(d) A yi ganawar da harshen da mutum ya fi ƙarfi a ciki. Rahoto ya faɗi harshen da aka yi amfani da shi da sunan tafinta da horonsa.
(e) Tafinta ya zama ba dangi ba, ya yi rantsuwar riƙe sirri, a kuma samar wa mace tafinta mace idan ta nema.
(f) A rubuta muhimman kalaman wanda aka tantance da harshen da ya faɗe su, fassara na biye, domin kotun ɗaukaka ƙara ta iya dubawa.
(g) Mai tantancewa ya halarci kotu, ya yi bayanin rahotonsa da bakinsa, a kuma yi masa tambayoyi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa fiƙihu da dokokin gwamnati duk sun jingina manyan hukunce-hukuncen iyali a kan hankali, sun kuma yarda da maganar masani, amma dokokin ba su fayyace harshen da za a yi binciken da shi ba. An ga yadda kalma guda, ko fassarar da aka yi a gaggauce, ke iya raba uwa da ɗanta.

A nan akwai aiki a gaban masana harshe. An riga an sami Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 domin nazarin harshe da adabi, an kuma sami ƙamusun Barbarci na Cyffer da Hutchison a wannan shekara. Fannin lafiyar hankali a gaban kotu yana bukatar irin wannan hidima. Ya kamata sassan harsuna na jami'o'in Maiduguri da Kano da Zariya da Sakkwato su haɗa kai da likitoci da alƙalai su daidaita kalmomin a Hausa da Barbarci da Larabci da Ingilishi, su tattaro maganganun zuci daga bakin masu su, su kuma buɗe kwas na horar da tafintocin kotu da na asibiti. Wurin da ya fi dacewa a fara tattara waɗannan kalmomi shi ne unguwanni irin Bulumkutu, inda masu harsunan suke zaune ƙofa da ƙofa.